Mamman Sani da Kiɗan Lantarki: Laifin Ba na Na'ura Ba Ne

Duk mai zuwa biki a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san fiyano da kwamfuta sun ture kalangu gefe. Abin damuwar shi ne kiɗan ya koma iri ɗaya: bugu ɗaya, sarewar Indiya ɗaya, sai murya da aka tace har ta daina kama da ta mutum. Mukan ɗora wa na'ura laifi. Wani tsohon faifai daga Nijar ya ƙaryata mu.

A 1978 Mamman Sani ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya ɗauki kaset ɗin “La Musique Électronique du Niger”. Kwafi kaɗan aka buga, amma rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji.

Ƙarfin faifan yana cikin haƙurinsa. Na'urar ce ke rerawa. A “Salamatu”, alal misali, gajeren kari ne yake ta juyawa a hankali, amo mai kauri yana riƙe da shi daga ƙasa, har mai sauraro ya manta inda aka faro. Turawa na kiran irin wannan kiɗan mai gusar da hankali, suna ɗaukarsa baƙon abu. Mu kuwa mun san shi: da maimaici mai garaya da mai goge suke kama jikin mutum. Sani ya ɗauko karin waƙoƙin makiyaya, Fulani da Buzaye, ya tilasta wa na'urar Turai ta bi su, bai bar ta ta ja shi ba.

Rauninsa kuma bai ɓuya ba. Bugun da aka gina cikin na'urar ba ya sauraron kowa. Masu kalangun Shata suna jin inda ya dosa su tare shi, su sassauta ko su ƙara wuta. Bugun Orla haka zai tafi ko da an watse, shi ya sa wani lokaci kunne kan gaji kafin kiɗan ya ƙare. Hama, wani makaɗin lantarki na Yamai, ya ƙara sauri da cunkoson sauti a faifansa “Houmeissa” na 2019, sai dai ya rage sararin numfashin da Sani ya bari.

Wayar da ke hannunmu ta fi Orla ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da masu situdiyonmu suka rasa kunne ne. Kafin su danna sautin da ya zo da manhaja, su je su ɗauki kiɗan gangar noma da waƙar daka tun masu yin su na raye. In ba haka ba, wani zai zo daga nesa ya tattara, mu saya a hannunsa.