Shanun Birnin Kudu Da Idon Marubuci

Duk lokacin da aka tashi maganar asalin zane a makarantunmu, sai a ɗauke mu a kai mu Faransa, a nuna mana kogon Lasko wanda wasu samari suka gano a 1940. Ba mu ƙi ba. Amma binciken zamani ya nuna cewa zane ba gadon Turawa ba ne su kaɗai. A 2018 masana suka bayyana wani guntun dutse daga kogon Blombos na Afirka ta Kudu, mai layukan jar ƙasa, wanda ya kai shekara 73,000. Kusa da mu ma, a Dabus ta ƙasar Azbin, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5.

A nan gida kuwa muna da Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse, wanda Bernard Fagg ya yi nazari a kansa a shekarun 1950. Mai zanen ba shi da takarda, ba shi da alƙalami. Ƙasa mai launi ya niƙa, ya dama, ya shafa. Duk da haka, wanda ya duba zai ga cewa akasarin shanun ba su da tozo, alhali kuwa Bunaji da Rahaji da Gudali da muke gani a fadamar Rima duk masu tozo ne. Ashe ke nan akwai lokacin da wani irin shanu dabam ya yi kiwo a ƙasar Hausa. Ba wanda ya rubuta mana wannan. Zanen ne ya riƙe shi.

Me ya sa ya iya riƙewa? Saboda mai zanen ya tsaya ya dubi saniyar da ke gabansa, ya fitar da ƙahonta da bayanta yadda suke. Da ya zana saniyar da ya ji labari, da aikinsa bai amfane mu da kome ba.

A nan ne muke da magana da 'yan'uwa marubuta. Mu ɗauki littattafanmu na hikaya mu duba. Yarinya dai fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya. Gida kuwa sai bene mai hawa uku. Tun shekarun 1990 ake kukan cewa siffofin nan daga finafinan Indiya aka aro su, kuma har yau ba su bar mu ba. Nawa ne cikinmu suka siffanta masunci a Matan Fada, da gorarsa da homarsa, har mai karatu ya ji sanyin ruwan? Wa ya tsaya ya bayyana ganuwar Surame, ko zanen da uwa take yi wa ƙwaryar 'yarta kafin a kai ta ɗaki?

Abubuwan nan suna tafiya kamar yadda shanun can suka tafi. Roba ta kori ƙwarya, siminti ya kori makuba. Idan jikokinmu suka buɗe littattafanmu ba su tarar da ƙasarsu a ciki ba, to mutumin da ya yi aiki da jar ƙasa ya fi mu riƙon amana. Saboda haka, kafin mu ɗauki alƙalami, mu fara buɗe ido. Gani ya kori ji.