Fushina ba datti ba ne da gumi zai wanke

Akwai maganar da ta ishe ni a azuzuwan yogar ɗaki mai zafi, kuma yau sai na amayar da ita. Malama za ta tsaya gaban madubi, ta sassauta murya, ta ce duk abin da kika shigo da shi, haushi ne, fushi ne, damuwa ce, ki bari ya fita tare da gumi, ki bar shi nan kan tabarma. Haka suke rubutawa a tallace-tallacensu, haka 'yan aji suke maimaitawa a ɗakin canza kaya. Idan kuwa kika ce al'adarki ta kusa, jiki ba daɗi, rai a ɓace, to kin sosa musu inda yake musu ƙaiƙayi. Ai yanzu ne ma ya fi dacewa ki zo, in ji su, zafi zai fitar miki da guba. Wace guba? Wa ya gaya musu ɓacin raina guba ne?

Kun san ni, ba daga bayan katanga nake jifa ba. Tun da zama ya kawo ni Ingila nake zuwa wannan aji, na mata zalla, kuma motsa jiki ne ya kai ni, don haka masu son tayar da zancen hukuncin yoga su ajiye shi zuwa wata rana. Ga waɗanda ba su taɓa shiga ba, wanda ya yaɗa wannan salo shi ne Bikram Choudhury, haifaffen Kalkata a Indiya, da ya buɗe makarantarsa a Kalifoniya a farkon shekarun 1970. Tsarinsa ba ya canzawa: salon motsi 26, atisayen numfashi 2, minti 90, a ɗakin da aka ɗumama ya kai kusan digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, da danshi kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya taɓa yin Afrilu a Sakkwato ya san wannan zafi. Bambancin dai, a nan ƙofa rufe take, iska ba ta motsi, ke kuma kina tsaye da ƙafa ɗaya.

Mu fara da gumin. Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa ya sanyaya jiki. Tace dattin jini aikin hanta ne da ƙoda, suna yinsa dare da rana ko kin je aji ko kina kwance. Nauyin da kika ga ya ragu a sikeli bayan kin fito ruwa ne, kina sha zai dawo. Duk likita ya san wannan, malaman ma da yawansu sun sani. Amma maganar fitar da guba tana kawo ciniki, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Da a nan ta tsaya, da na kau da kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka ɗauki maganar aka ɗora a kan zuciyar mace, har fushinta ma ya zama wani datti da za a matse ya tsiyaye a tawul.

Ku zo mu duba wannan fushin. Kwanonin da aka jibge a wurin wanke-wanke tun daren jiya, alhali kowa a gidan yana da hannu biyu. Bas ɗin da ya makara, aka kuma kalle ki a ofis kamar ke kika tuƙo shi. Abokin aikin da ya maimaita shawararki a taro aka yi masa jinjina. Rigar makarantar yaro da ba wanda ya san inda take sai ke. Kiran da ake yi miki daga gida, ba a gama gaisuwa ba an shiga lissafin kuɗin makaranta da na asibiti. Maigida yana tsaye gaban durowa yana tambayar inda safarsa take. Duk wata haka abin yake, daga farkonsa har ƙarshensa. Mako uku kina haɗiyewa, kina cewa ba komai. A mako na huɗu maƙogwaro ya ƙi, magana ta fito da zafinta. Nan take sai maigida ya ce, "Ko dai baƙonki ya kusa ne?" Shi ke nan, an rufe shari'a. Ba a ƙara zancen kwanoni, zancen ya koma kan jikinki.

Wannan tambaya ta maigida da waccan nasiha ta malamar yoga, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ya ce jira za a yi ya wuce, ita ta ce gumi za a yi ya fita. Babu wanda ya tsaya ya ji me kike faɗa.

Ba na musun aikin sinadaran jiki, ni ce ma shaidarsa. Kwanaki kaɗan kafin al'ada ciki yakan kumbura, ƙirji ya yi tsami, barci ya lalace, kwaɗayin zaƙi ya taso, ƙaramar magana ta sa hawaye. Likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun 1931 wani likita a Amurka, Robert Frank, ya rubuta a kai, sannan a 1953 Katharina Dalton da Raymond Greene a nan Ingila suka ba abin sunan da ake kiransa da shi yau, wanda ake taƙaitawa PMS. Abin da bincike ya nuna daga baya shi ne yawan sinadaran a jinin mai wannan matsala daidai yake da na sauran mata, ƙwaƙwalwarta ce ta fi jin hawa da saukarsu. Amma ko kusa wannan bai nuna cewa sinadaran ne suka ƙirƙiro kwanonin ba. Ruwan damina ba shi yake huda rufi ba, inda hudar take yake nunawa. Ranar da aka ga yana ɗiga a tsakar ɗaki, mai hankali rufin zai duba, ba zai zauna yana zargin damina ba.

Sai kuma abin da ban taɓa jin wata malama ta ambata ba, alhali shi ya fi kamata ta sani. Bayan fitar ƙwai, wajen tsakiyar zagayen wata, sinadarin furojestaron yana hawa, kuma zafin cikin jikin mace yana ƙaruwa da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, ya zauna haka har al'ada ta kusa sauka. A wannan lokacin jiki yakan ɗan jinkirta kafin ya fara gumi. Ma'ana, a daidai kwanakin da ake ce miki ki rugo ɗaki mai zafi, kin riga kin shigo da naki zafin. Ga rashin barci, ga ciwon kai ga masu yinsa, ga ciki a cushe. Ajin da kika yi makon jiya lafiya lau, yau kina ɗago kai daga sunkuyo ki ji ɗakin yana juyawa. Ba lalaci ba ne, ba kuma raunin niyya ba. Jiki magayi.

To me malama take cewa idan ta ga kin nufi ƙofa? Ki daure. Ki zauna a ɗakin. Zuciyarki ce take yaudarar ki, jikinki zai iya. Wasu har ruwa ba sa son a sha sai an kai wani wuri a tsarin. Wallahi wannan yana tayar mini da hankali, domin mace ba ta buƙatar wani ya koya mata daurewa. Tun tana ƙarama take jin haƙuri maganin zaman duniya, a gidan iyaye, a gidan miji, a wurin aiki. Ta biya kuɗinta ta zo wurin da aka ce mata na hutun rai ne, a nan ma a ce jirin da take ji ƙarya ne?

Wannan ɗabi'a tana da tushe. Shi Bikram da bakinsa yake kiran ajinsa ɗakin azabtarwa, yana yi wa ɗalibai tsawa da gori, ana ɗaukar hakan a matsayin tarbiyya. Inda abin ya kai ba ɓoyayye ba ne. Mata da dama sun kai shi ƙara kan cin zarafi, zargin da ya musanta. A 2016 wata kotu a Los Anjelis ta yanke masa biyan tsohuwar lauyarsa, Minakshi Jafa-Bodden, sama da dala miliyan 6 kan tsangwama da kora ba bisa ƙa'ida ba. Ya bar Amurka, a 2017 aka ba da sammacin kama shi, a 2019 Netflix ta fitar da fim kan lamarin. Makarantu da yawa sun kankare sunansa daga allunansu, kuma babu abin da zai iya yi musu, tunda tun 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jerin motsin ba mallakarsa ba ne. Madalla. Amma an kankare suna an bar darasin, wato malami ya fi ki sanin jikinki, kuma abin da kike ji a ciki abin murƙushewa ne. Ina jin wannan darasi har yau daga bakin malamai mata masu kirki, waɗanda ba su ma san daga ina suka gado shi ba.

Shi kansa zafin, ana ba shi girman da bai kai ba. A wani bincike da aka wallafa a 2018, masu bincike a Tekzas sun raba mutane, wasu suka yi wannan jerin motsi a ɗaki mai zafi, wasu a ɗaki mai yanayi na yau da kullum, tsawon mako 12. Lafiyar jijiyoyin jini ta inganta a ɓangarorin biyu. Motsin ne ya yi aikin. Na san za ku turo mini binciken wani babban asibitin Boston da aka wallafa a 2023, wanda ya ga sauƙin ciwon damuwa ga masu yogar zafi. Na gani, na kuma yi murna da shi, amma da masu jiran layi aka gwada su, ba da masu yi a ɗaki mai sanyi ba, kuma ba kan kwanakin al'ada aka yi shi ba.

Za ku ce to me nake nema a can har yanzu. Gaskiya ɗaya ce, akwai abin da nake samu. Minti 90 babu waya a hannuna, babu mai kiran Mama, babu mai tambayar inda wani abu yake. Zafin yana da wani amfani guda da ba zan hana shi ba: ba ya barin tunani ya yi yawo. Idan kina fama da numfashi da ƙafar da ke rawa, abokin aikin nan ba ya samun wurin zama a kanki. Ina fitowa jiki a sake, in yi barci mai nauyi, ciwon bayan da ke zuwa kafin al'ada yakan lafa. Likitoci ma suna ba masu wannan matsala shawarar motsa jiki, kuma sun yi gaskiya. Sai dai idan na dawo gida kwanonin suna nan, fushina a kansu ma yana nan. Abin da ajin ya ba ni shi ne in iya faɗarsa da murya daidai, ba tare da kuka ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne abin da suke tallatawa ba.

Ku kuma ƙawayena masu ɗora hoton tawul sharkaf da gumi kuna rubuta cewa kun zubar da duk wata damuwa, Allah Ya bar zumunci, ina son ku. Amma Hajiya, ke da kika kira ni da daddare ranar da kika ɗora naki, muka kwashe awa muna zancen surukarki, wace damuwar ce ta zuba?

Inda wasa ya ƙare shi ne nan. Akwai matan da abin nasu ya wuce haushin kwanoni. Kowane wata, mako ɗaya ko biyu kafin al'ada, duniya takan yi musu baƙi ƙirin, su kasa aiki, su yi faɗan da ke girgiza aure, wasu har su ji rayuwar ta ishe su. Jini yana sauka, cikin 'yan kwanaki su dawo kamar ba su ba. Wannan ciwo ne mai suna, PMDD, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundinta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a nata. Ana gano shi ta hanyar rubuta alamomi kullum na tsawon zagaye biyu a kai wa likita, kuma yana da magani, daga ƙwayoyin da ke daidaita sinadarin sirotonin zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyin tsarin iyali. Irin wannan baiwar Allah ce za a ce wa ta zo ta zubar da shi da gumi? Ta je, ta yi gumin, ta fito yana nan, sai ta ɗauka ita ce ba ta yi ƙoƙari ba. A gida an ce mata rashin haƙuri ne ko aljanu, a aji an ce guba ce, ita kuma shekaru suna tafiya ba ta ga likita ba. 'Yar'uwa, idan ke ce wannan, don Allah ki fara rubutawa daga yau, idan kuma tunanin cutar da kanki ya zo, kada ki jira wata biyu, ki nemi likita a ranar.

Abin da nake roƙon malamai ba shi da yawa. Ku daina zancen guba. Ku faɗa a farkon aji, da babbar murya, cewa wadda ta ji jiri ta kwanta, ta sha ruwa, ko ta fita, ba sai ta nemi izini ba. Ku tambayi sababbin zuwa game da juna biyu, hawan jini da ciwon zuciya kafin ku karɓi kuɗinsu, ba a wata takarda mai ƙananan rubutu da ba wanda yake karantawa ba. Ku san cewa a kowane aji akwai matan da ke cikin wannan mako, ku tanadar musu wuri kusa da ƙofa inda zafin ya fi sauƙi. Idan kuma ɗaliba ta ce muku yau ranta a ɓace yake, ba sai kun yi mata alkawarin wanke shi ba. Ku ce mata sannu, ku nuna mata inda za ta shimfiɗa tabarmarta.