Ina Nassi Ya Ƙare? Tsokaci Kan Alamar Zancen Wani A Littattafan Addini Na Boko

Ƙananan littattafan addini na Hausar boko, irin waɗanda ake bajewa a bakin masallatan Juma'a daga Jabo zuwa Tambuwal, suna da aibi guda mai yawan aukuwa: marubuci ya buɗe alamar zancen wani a farkon hadisi, ya zarce da sharhinsa bai rufe ba. Ɗalibin Islamiyya da bai san asalin Larabcin ba sai ya hardace duka, ya jingina wa Annabi (SAW) maganar da bai faɗa ba.

Malaman hadisi sun san wannan illa da sunan idraji, wato shigar da maganar marawaici cikin matani ba tare da rarrabewa ba. Sanannen misalinsa shi ne hadisin Abu Huraira kan alwala, inda a wata ruwaya umurninsa na cika alwala ya haɗe da gargaɗin Annabi (SAW) game da dugadugai. Haɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya keɓe wa wannan babi littafi sukutum.

Magabatan wannan yanki ba su yi sakaci da lamarin ba. A rubuce-rubucen Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahin Gwandu, idan maganar da aka ciro ta ƙare akan rubuta intaha, idan kuma mawallafi zai faɗi ra'ayinsa yakan gabatar da ƙultu. Alamomin da Ahmad Zaki Basha ya tsara wa Larabci a Masar a 1912, da waɗanda boko ya zo da su, wannan aikin suka gada.

Babban baƙi ma yana da nasa amfani. Larabci ba shi da shi, amma Hausar boko ta saba rubuta Ya da Shi da babban baƙi idan Allah ake nufi. Marubucin da ya bi wannan a wani shafi ya bari a wani, ya bar mai karatu cikin ruɗani game da mai maganar.

Gyaran ba shi da wuya: ruwa biyu kafin nassi, alamar zance a farkonsa da ƙarshensa, ƙarin bayanin mai fassara cikin baka, sharhi kuwa a sabon sakin layi. Wajibi ne masu duba kundayen ɗalibai su ɗauki barin wannan a matsayin tauye amanar ilimi. Allah ne Mafi sani.