Ziyara a Yammacin Zamfara: Kabarin da Ake Zuwa, Kufan da Aka Manta

Idan kaka ta yi a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, aka kai gero rumbu, kuɗi suka ɗan shigo hannu, akwai tafiyar da dattawa suka daɗe suna yi, wato ziyara zuwa Sakkwato. Mata su ne kan gaba. Su yi karo-karo su ɗauki shatar mota, su yi guzurin fura da ƙuli-ƙuli, su ƙulle 'yan kuɗin sadaka a bakin zane. In an isa Hubbaren Shehu a tuɓe takalma daga waje, a shiga da sallama murya ƙasa-ƙasa, a karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, a yi wa Shehu Usmanu da zuriyarsa addu'a, a roƙa wa kai da 'ya'ya. A bakin ƙofa ga almajirai da makafi, kowa a miƙa masa abin da ya sawwaƙa. Masu ƙarfin aljihu su zarce Wurno wajen kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ko Gwandu wajen Malam Abdullahi. Daga nan sai kasuwa, a yi tsaraba, a juyo gida.

Al'adar tana da tushe. Shehu ya rasu a 1817, kuma tun a ƙarnin nan 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke jagorantar matan karkara su zo wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su koyar. Tun asali, ke nan, tafiyar ta haɗa ibada da ilimi da zumunci. Ga macen da ba ta cika fita garinsu ba, ziyara ce makarantar tarihinta.

Sai dai kuma daga wannan yanki ne aka sami muryar da ta fi kowace ƙarfi wajen tuhumar wasu abubuwan da ke biyo bayan ziyarar. Shehu Abubakar Mahmud Gumi ɗan Gummi ne, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa, ya rasu a 1992. Karatunsa na rediyo, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, sun sa mutane da yawa suka shiga tambayar kansu: ziyarar kabari don tuna lahira da yi wa mamaci addu'a sunna ce, to ɗiban ƙasar kabari a ƙulle a tsumma don neman albarka fa? Roƙon mai kabarin fa? 'Yan ɗariƙa suka kare tasu fahimtar ta tabarruki da tawassuli, aka yi shekaru ana fafatawa. Muhawara ce ta malamai, kuma ta cancanci a yi ta. Damuwata ita ce abin da ya faɗi ƙasa ana cikin wannan ja-in-ja. Ɓangare guda ya riƙe kabarin waliyyi kaɗai, ɗaya ɓangaren ya shiga ɗari-ɗari da duk wani tsohon wuri. Ganuwa da tsohuwar rijiya da marina da kufan gari, waɗanda ba ruwansu da gardamar aƙida, suka rasa mai kula da su.

Alhali ƙasar nan tana da abin nunawa. Sarakunan Zamfara sun faro daga Dutsi, suka gina Birnin Zamfara, har Gobirawa ƙarƙashin Babari suka ci birnin a farkon shekarun 1760 suka kafa Alƙalawa a kusa. Sarautar ta yi ta ƙaura, Kiyawa, Sabon Gari, kafin ta zauna a Anka, inda Sarkin Zamfara yake har yau. Shehu Usmanu kansa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma a 1805 jama'arsa ta yi sansani a Sabon Gari kafin ta koma Gwandu. Motar da ke ɗauke da masu ziyara zuwa Hubbare tana tashi ne daga ƙasar da mai Hubbaren ya taka da ƙafarsa, ya karantar a cikinta. Yara nawa ne a makarantun Anka aka taɓa kai su ko da wuri ɗaya cikin waɗannan?

Akwai wata 'yar masarauta a tsaunukan Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, mai suna Butan, wadda ta sa na ƙara duban wannan lamari. Mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, akasarinsu mabiya addinin Buda. Ba ta buɗe ƙofa ga baƙi masu yawon buɗe ido ba sai a 1974, kuma a shekarar baƙin ba su kai 300 ba. Wurin da ya fi shahara shi ne gidan ibada na Taktsang, wanda aka gina a 1692 a jikin wani tsauni, kusan mita 900 sama da kwarin Paro. Da ƙafa ake hawa, awa biyu ko uku. A ƙofa a karɓe kyamara da waya, a tuɓe takalma, a rufe jiki. Gobara ta cinye shi a 1998, gwamnati da jama'a suka sake gina shi bisa tsohon fasali aka kammala a 2005. Ga kuma manyan gine-ginen da suke kira dzong, irin na Punakha da aka kafa a 1637, waɗanda har yanzu ɓangare guda ofisoshin hukuma ne, ɗaya ɓangaren mazaunin malaman addininsu. Baƙo daga ƙasashen nesa yana biyan haraji a kan kowane dare: dala 200 aka sa a 2022, aka rage zuwa 100 a 2023.

Aƙidarsu tasu ce, kuma ba ita nake kira a kwaikwaya ba. Tsarin fifikonsu ne abin lura. Ɗan ƙasa mai ibada shi ne na farko, mai kula da wurin na biyu, baƙo ya zo na uku, ya bi dokar masu gida kuma ya biya. Wuraren sun rayu ne saboda mutanen ƙasar ba su daina amfani da su ba. A nan kuwa, duk lokacin da aka tashi maganar raya wuraren tarihi, da baƙo ake farawa: otal, kuɗin shiga, masu zuba jari. Ana zayyana Dutsen Kwatarkwashi da tsaunukan Kanoma a takarda, a ɗora hoto a kalanda, shi ke nan. Wanda gidansa ke gindin ganuwar, wanda zai iya hana a kwashi ƙasarta a yi tubali, ba a tambaye shi komai ba.

Gaskiya ce babu baƙon da zai nufi Duza ko Bagega yau don kallo. Duniya ta san sunayen ƙauyukan nan ne ta hanyar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Bayanta 'yan bindiga suka biyo, hanyoyi suka zama abin fargaba, ziyarar Sakkwato kanta ta ja baya. Dubban mutane sun baro ƙauyukansu, har wasu suka fake a sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba a Anka. Wannan shi ya ƙara wa maganar gaggawa. Kowane ƙauyen da aka watsa sabon kufai ne, da masallacinsa da maƙabartarsa da littattafan da liman ya bari a gafaka. Tsohuwar da ta san wanda ya sari garin da dalilin sunan kowace unguwa tana zaune yanzu a zauren wani a cikin birni, jikokinta ba su taɓa ganin wurin ba.

Akwai aikin da ba ya jiran tsaro ya dawo. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna da hakimai da dagatai da suka san kowane kufai. Su sa a rubuta sunayensu da inda suke. Malaman tarihi na sakandare su ɗauki waya su naɗi bakin dattawan da ke gudun hijira. Makarantun Islamiyya, na Izala da na ɗariƙa duka, su riƙa fita da ɗalibai zuwa fada da tsofaffin unguwannin garinsu, a nemi wani dattijo ya tsaya ya yi bayani. Littattafan hannu da aka tsira da su a ɗauki hotonsu shafi-shafi, a kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, na asalin kuma a bar wa masu shi.