Kafin A Sayo Lamba Tara, Wa Za A Riƙe?

Sunan unguwarmu Sauka Kahuta, amma tun da aka rufe gasar firimiya ta Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2025, bakinmu bai huta ba. 'Yan wasa sun tafi gida, alƙalan wasa sun rataye usur, sai mu 'yan kallo muka buɗe tamu gasar ta musu. A teburin mai shayi, a gidan kallo in ruwa ya tsare mu, a rumfar mai cajin waya, har a cikin Keke Napep in an taso daga Kpakungu, zancen ɗaya ne: me Niger Tornadoes take bukata kafin a koma fili? Kuma kusan kowa amsarsa na bakinsa tun kafin a gama tambayar. A sayo ɗan gaba, lamba tara, mai zura ƙwallo.

Mun saurari wannan musu iya saurare, mun kuma sa baki a ciki. Abin da muka gani shi ne musun ya fi kama da wanda ake yi a kan Chelsea ko Arsenal, aka cire sunan kawai aka liƙa na Tornadoes. A can, kulob yana da 'yan wasansa a hannu da kwantiragin shekara huɗu ko biyar, sai a duba inda ɓaraka take a toshe da mutum biyu ko uku. A nan gida kuwa, yawancin 'yan wasan gasarmu kwantiragin shekara ɗaya ko biyu suke sa wa hannu, kuma da zarar kaka ta ƙare sai ka ga ƙungiya ta watse kamar kasuwar ƙauye da la'asar. Wanda bai san ko golansa zai dawo ba, ina shi ina lissafin ɗan gaba?

Ba mu ce masu neman lamba tara ba su da hujja ba. Suna da ita, kuma mai zafi ce. A 2017 Tornadoes ta kai wasan ƙarshe na kofin Aiteo a filin Agege da ke Legas, a hannun koci Abubakar Bala, aka tashi babu ci tsakaninta da Akwa United, aka je bugun fenariti kofin ya kuɓuce. Duk wanda ya kalli wasan nan ya san ƙwallo ɗaya tak da ta wadatar. Har yau akwai dattawa a unguwar nan da in aka tuno musu sai su girgiza kai su ce a canza zance. To amma a juya hujjar ta ɗaya gefen. Kofi mafi girma da ke tarihin kulob ɗin, na ƙalubale na shekarar 2000, da ci ɗaya mai ban haushi aka karɓe shi a hannun Rangers ta Inugu, shi ne ya kai Minna gasar Afirka ta masu riƙe da kofi a 2001. Wasannin ƙarshe biyu, ba a zura wa Tornadoes ko ɗaya ba a cikin fili. Ke nan duk ranar da kulob ɗin nan ya taɓa ɗaga kai, bayansa ne ya ɗauke shi.

Sai kuma abin da tarihin gasar kanta ke nunawa game da masu yawan ci. Mfon Udoh ya zura 23 wa Enyimba a 2014, adadin da har yanzu ake ambato, amma Kano Pillars ce ta ɗauki kofin a shekarar. Ahmed Musa ya ci 18 wa Pillars a kakar 2009/2010, Enyimba ta ɗauke kofi, shi kuma kafin a ankara ya wuce VVV-Venlo a ƙasar Holan. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018, bai daɗe ba Esperance ta Tunisiya ta ɗauke shi. A kakar 2024/2025, Anas Yusuf na Nasarawa United ne ya fi kowa ci, amma ƙungiyarsa ba ta leƙa ukun farko ba. Abu biyu ne ke fitowa a nan. Mai yawan ci ba ya ba ka kofi shi kaɗai, sannan in har ya ci da yawa, ba naka ba ne kuma. Ko Arewacin Afirka ta kira shi, ko Turai, ko wata ƙungiyar gida da ta fi ka aljihu. Ɗan gaban da ya riga ya yi suna, wanda muke ta kira a sayo, shi ne mafi tsada a kasuwa kuma shi ne mafi saurin tafiya.

Bari mu yi lissafin da ba ma so mu yi a majalisa domin ba shi da daɗin musu. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, wasa 38, 19 a gida 19 a waje, huɗu na ƙasa su faɗi. Kowa ya san halin gasarmu: mai gida shi ke da rinjaye, nasara a waje kuwa sai an sha wuya. Saboda haka maki 57 da ke gida, kowace ƙungiya tana kwashe kaso mai tsoka daga nata, har waɗanda za su faɗi. Abin da ke raba na sama da na ƙasa shi ne ɗan abin da aka tsinto a hanya. Wasa biyar da aka sha kashi da ci ɗaya a waje, in aka mayar da su canjaras, maki biyar ke nan, kuma a teburin da ƙungiyoyi ke cunkushe a tsakiya kamar fasinjojin motar Suleja, maki biyar kan ɗaga ka matakai da dama. To wa ke kawo canjaras a Aba ko Fatakwal ko Maiduguri, bayan an wuni an kwana a mota, 'yan kallon gari suna ihu a kanka, an shiga minti na 80 ƙafafu sun yi nauyi? Ba lamba tara ba ne, domin shi a irin wannan wasa watakila sau uku zai taɓa ƙwallo. Gola ne mai fitowa ya kama kwana ba tare da shakka ba. 'Yan baya biyu ne na tsakiya da suka san numfashin juna, ɗaya ya fita ɗaya ya rufe ba sai sun yi magana ba. Lamba shida ne mai haƙurin aikin da ba a tafa masa. Irin wannan fahimta ba a sayo ta a kasuwa cikin sati uku, zama tare ne ke kawo ta. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Misalin da ya fi ci mana rai shi ne na Remo Stars. A 2019 tare muka faɗi da su zuwa rukuni na biyu. A 2021 tare muka hauro, mu da su da Shooting Stars da Gombe United. Daga nan hanya ta rabu. Suka yi na uku, suka yi na biyu sau biyu a jere, sannan a watan Afrilun 2025 suka ɗauki kofin gasar karon farko a tarihinsu, kuma don abin ya ƙara ciwo, da ci ɗaya da suka yi wa Tornadoes a Ikenne suka tabbatar da shi. Me suka yi? Filinsu nasu ne, a garinsu. Suna da makarantar renon yara, Beyond Limits. Sun bar koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, ya yi shekaru yana gini, ko da kofin ya kuɓuce masa sau biyu yana gab da kamawa. Za a ce ai su kulob ɗin ɗan kasuwa ne, Kunle Soname, mu kuwa na gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Amma barin koci ya yi kaka uku, da sabunta kwantiragin gola tun kafin kaka ta ƙare, ba sa bukatar dukiyar attajiri. Tsari suke bukata. A ɗaya gefen ga Akwa United, wadda ta karɓe mana kofi a 2017 ta kuma lashe gasar a 2021, a 2025 ta faɗi tare da Heartland da Sunshine Stars da Lobi Stars. Suna bai hana kowa faɗuwa ba.

Akwai ɓangare na biyu a musun, masu cewa a sallami kowa a kawo sabon jini. Waɗannan ba za mu daɗe a kansu ba. Fushi ne ke magana, kuma shawararsu ita ce ainihin cutar da ke damun ƙungiyoyin gasar nan: a tara mutum ɗari a gwaji, a zaɓi ashirin da ba su taɓa buga wasa tare ba, a yi wasannin share fage huɗu, a ce an shirya. Sai zagayen farko ya ƙare ana koyon sunan juna.

Ɓangare na uku ne ya fi taɓa mu, masu cewa a ɗauki yaranmu. Ga yara nan a Sauka Kahuta, a Barkin Sale, a Limawa, a Maitumbi, a Chanchaga, ga na Bida da Kontagora da Suleja, suna buga ƙwallo a filayen makaranta da takalmin aro, me ya sa za a je Kudu a ɗauko wanda bai fi su ba? Muna tare da su a rabin maganar. Kulob ɗin na gwamnatin Jihar Neja ne, kuɗin jama'a ne ke tafiyar da shi, har da harajin da ake karɓa a hannun ɗan tireda da mai Keke na unguwar nan, don haka yaran jihar suna da haƙƙi a ƙofarsa. Inda muka rabu da su shi ne yadda ake nufin a shigar da yaran. In ana nufin wani babba ya rubuto takarda a saka ɗan wane a jerin suna, to wannan ba taimakon yaro ba ne, benci zai ɗumama shekara guda ya fito ya fi da lalacewa. Yaro ɗan shekara 18 da ya fito daga wasan unguwa ba a jefa shi gaban 'yan bayan Rivers United haka kawai. Sai ya bi ta ƙaramar ƙungiya, ya yi atisaye da manya, a ba shi minti goma yau, minti ashirin gobe. Kuma akwai wani abin da masu horar da yara a unguwanninmu ya kamata su sani: a dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai wanda ya yi wa yaron rajista a hukumance shi ke da rabo. Kocin unguwa da ya yi shekara shida yana saya wa yaro ruwan leda da kuɗinsa, in babu takarda, ko sisi.

Yanzu sai mu juyo kanmu, don sukar ba ta cika ba in mun tsallake namu laifin. Yawancinmu a nan asalinmu Kano ne ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa zuciyar da yawa tana wajen Pillars, sai Masu Gida sun zo Minna ake ganin wasu fuskoki a filin Bako Kontagora. Babu laifi mutum ya so garin ubansa. Amma a nan aka haifi 'ya'yanmu, a nan muke ci muke sha. Mun yi gwaji a majalisarmu ran nan: muka ce duk mai neman a sayo ɗan gaba ya lissafo mana 'yan baya huɗu da suka fi buga wa Tornadoes wasa a kakar da ta wuce. Aka yi tsit, sai tari da gyaran murya. Mutanen da za su karanto maka bencin Manchester United har da masu jinya! Wani ƙaninmu ya ce, yaya ai ba a nuna wasan ne sosai. Muka ce masa, ƙane, daga nan zuwa filin ai bai kai kuɗin shayi da burodi biyu ba. Shekarun da kulob ɗin ya yi yana karɓar baƙi a Lokoja da Kaduna, muna da uzuri, mun kuma ga yadda wasan gida ke komawa wasan waje in babu mutanenka a bayanka. Yanzu da wasa ya dawo Minna, uzurin ya ƙare. Wanda bai ga ƙungiya da idonsa ba, sakamako kawai yake gani a waya, shi ya sa kullum maganinsa ɗaya ne: ba a ci ba, a kawo mai ci. Bai ga cewa ƙwallon ba ta isa gaban ba ma tun farko.

Kasuwar bana kuma ba za ta yi sauƙi ba. A 2025 Wikki Tourists ta Bauchi ta dawo, Barau FC ta Kano ta hauro, ga Pillars, ga Katsina United, ga El-Kanemi, ga Plateau United, ga maƙwabtanmu Nasarawa United da Kwara United wadda ta ɗauki kofin ƙalubale na 2025. Duk a tafki ɗaya za a yi su. Ɗan wasan da ya nuna kansa a Minna a kakar da ta wuce, wayarsa tana ƙara tun kafin ya kwance jakarsa, kuma abin da zai tsayar da shi ba kirarin Ikon Allah da muke yi ba ne. Albashi ne a kan lokaci, da alawus ɗin wasa da ba ya kwana, da kwantiragin da ya wuce shekara ɗaya, da tabbacin cewa in ya karye a fili ba za a bar shi da kuɗin asibiti ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Agusta ba ta da nisa.

Don haka in shugabannin kulob ɗin suka fito da jerin sababbin 'yan wasa, kamar yadda aka saba, da hotuna ana riƙe da riga, mu ba shi za mu fara karantawa ba. Jerin waɗanda suka tafi za mu nema, da na waɗanda aka sabunta wa kwantiragi da tsawon shekarun da aka ba su. In gola na nan, 'yan bayan tsakiya na nan, lamba shida na nan, koci kuma an bar shi da aikinsa, to a kawo ɗan gaba ɗaya, ko daga rukuni na biyu ne, matashi mai yunwa wanda za a ɗaure da shekara uku don in ya tashi tafiya kulob ya ga kuɗinsa. A ƙara masa da ɗan baya na gefe guda, domin wasannin tsakiyar mako da doguwar hanya su suka fi cinyewa. Mun yi alkawari a majalisarmu cewa wasan gida na farko da mu za a yi, kuma mai shayi ya ce zai rufe tebur ya biyo mu in har za a dawo kafin magariba.