Mai Dokar Barci Ya Ɓuge Da Gyangyaɗi: Sharhin Fim Ɗin "Cannibal Holocaust"

A shekarar 1980 ne Ruggero Deodato, wani darakta ɗan ƙasar Italiya, ya fito da wannan fim wanda aka ɗauka a kurmin Amazon, kusa da garin Leticia na ƙasar Kolombiya. Ba mun kawo shi wannan fili ne don mu kwaɗaita wa kowa kallonsa ba, sai don darasin da ke cikinsa ga mai riƙe da alƙalami.

Labarin dai na wasu matasa huɗu ne 'yan Amurka, masu ɗaukar rahoto da kyamara, waɗanda suka shiga kurmi neman masu cin naman mutane, suka ɓace. Wani malamin jami'a, Harold Monroe, ya bi sawunsu, ya tarar da ƙasusuwansu da gwangwanayen fim ɗin da suka ɗauka. Da aka kunna a birnin New York sai asiri ya tonu: ashe su ne suka cinna wa bukkar mutanen ƙauye wuta, suka yi fyaɗe, don kawai su sami hoton da gidan talabijin zai saya.

Ta fuskar tsari, wajibi ne mu yaba. Deodato ya saka labari cikin labari, ya bar kyamara tana rawa a hannu, har mai kallo ya ɗauka gaske ne. Hukuma ma ta ruɗu: an ƙwace fim ɗin jim kaɗan bayan nuna shi a Milan, aka zargi daraktan da kashe 'yan wasansa, sai da ya tabbatar da cewa suna raye. Wannan dabara ce "The Blair Witch Project" ya ci kasuwa da ita a 1999.

To amma ina gizo ke saƙar? Jigon fim ɗin shi ne la'antar masu cin riba da azabar wasu, alhali shi ma abin da ya yi ke nan. An kashe dabbobi na gaske a gaban kyamara, ciki har da kunkuru da biri da alade. An ari sunan Yanomamo, al'umma ce mai rai, aka jingina mata dabbancin da ba nata ba. Wulaƙancin da ake yi wa mata kuwa, kyamara ta tsaya a kansa fiye da yadda labarin ke bukata. Laifi tudu ne.

'Yan'uwa marubuta, mu ma mukan cika littafi da alfasha, mu liƙa wa'azi a shafin ƙarshe, mu ce faɗakarwa muke yi. Shafi ɗaya ba ya wanke shafi ɗari. Kafin mu siffanta mugun abu, mu tambayi kanmu: labarin ne ke bukatarsa, ko kasuwa? Allah Ya sa mu dace, amin.