Magini Mai Awo Biyu a Bakin Iyakar Gobir

A Sabon Birni da Isa, magini ba ya tsira da awo iri ɗaya. Maigidan da ya saba da ginin Sakkwato zai ce masa ɗaki ƙafa 12 da 12 yake so. Ɗan'uwansa da ya tsallako daga Tsibiri ko Maradi, inda Faransa ta bar musu gadon mita, da mita zai yi magana. Tsohuwar gidan kuwa har gobe da kamu da taƙi take auna abu, masu haƙar rijiya da gaba. Iyakar da ta raba Gobir biyu ta raba har da ma'auninta, magini ne ke haɗa su a kansa.

Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: tef ɗin awo, igiya, turaku, ƙusa da guntun gawayi. A duba tef ɗin da kyau, baki biyu gare shi, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya kuma ta ɗara santimita 30 kaɗan. Saboda haka da an ce ƙafa 12, shi mita 3.6 da 'yan kai ya ji. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 a wurinsa mita 15 da 30 ne, kusan.

Abin da ya fi burge ni shi ne fitar da kusurwa. Yakan kafa turke, ya ja igiya biyu, ya auna uku a ɗaya, huɗu a ɗayar, ya sa alama. Sai ya ɗora tef tsakanin alamomin nan. In ya ga biyar cif, kusurwa ta zauna. In ba haka ba, ya matsar da turke, ya sake, ko sau nawa ne. Na taɓa tambayar wani dattijon magini, "Baba, uku da huɗun nan ƙafa ne ko mita?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ko da sandarka ka auna, biyar za ka samu." Wannan ƙa'ida ce ake wahalar da ɗalibai da ita a sakandare, ga ta kwance a kan rairayi.

Daga nan sai lissafin bulo, a nan ne faɗin fili ke shigowa, wato tsawo sau faɗi. Bango mai tsawon mita 3.6 da tsayin mita 3 ya kusa mita murabba'i 11. Bango huɗu, 43 ke nan. A cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Fuskar bulo santimita 45 ce da 22.5, goma ke rufe mita murabba'i ɗaya. Sai ya rubuta 400 a jikin bango da gawayi, ya ƙara kaɗan don waɗanda za su fashe a amalanke.

Akwai ramin da sabon shiga ke faɗawa. Tunda mita ɗaya ƙafa uku ce da ɗoriya, sai ya ɗauka mita murabba'i ma haka take. Ina! Ta kusa ƙafa murabba'i 11, domin tsawo ya ƙaru, faɗi ma ya ƙaru. Mai wannan kuskure shi ke sayo simintin daɓe ya ƙare a tsakiyar ɗaki.

Cikin abu kuma, wato abin da zai iya ɗauka, sai a ƙara zurfi a lissafi. Tankin ruwa mai tsawon mita 2, faɗin mita ɗaya da rabi, zurfin mita 1, ya ba da mita uku na ciki. Kowace ɗaya lita 1,000 ce. Lita 3,000 ke nan, duro 15, ko jarka 120 mai lita 25. Kafin lebura ya gama jiƙa yashi, maigida ya san yawan ruwan da zai saya.

Duk wannan ana yin sa ne a tsaye cikin rana, yayin da 'yan majalisa ke ƙarƙashin dalbejiya suna musun ko lissafin boko yana da amfani. Mai karatu, ran da za ka fara gini, ka tsaya wurin magini lokacin da yake kafa turaku, ka roƙe shi ya bar ka ka riƙe bakin tef.